Saƙo dai ya tafi, amma a wayar wa ya sauka?

Har yanzu abin yana ci min rai in na tuna. A 2024 muka yi gwajin tura wa iyaye mata saƙon tunatarwa na riga-kafi ta waya a wasu ƙananan asibitocin karkara a Jigawa, ni ce ke kula da ɓangaren fili. Tsarin a takarda babu wahala: ranar da aka kawo jariri BCG, wato allurar tarin fuka da ake yi bayan haihuwa, malamar asibiti ta yi masa rajista a tablet, manhaja ta lissafa ranakun Penta, allurar da ke kare cututtuka biyar, na sati 6 da 10 da 14 da ta ƙyanda ta wata 9, idan rana ta matso sai tes ya tafi. Duk wanda ya yi aikin riga-kafi ya san inda yara ke zubewa, tsakanin Penta ta farko da ta uku, to nan muke so mu toshe. Takardar izini daga kwamitin ɗa'a, bita, rabon tablet, duk wannan ya wuce lafiya ba sai na ɓata muku lokaci ba.

Kullum da safe allon kwamfuta kore shar, saƙo ya tafi, saƙo ya isa, ogoginmu na Abuja sai murna suke har ana tura hoton allon a guruf ana sa tafi. Ni kuma da nake zuwa asibitocin ranar riga-kafi sai in ga benci kamar yadda na saba ganinsa, ba ƙari. Shi ne na ɗauki rajista na ce wa wata ungozoma Inna ki raka ni gidajen nan, tunda ni mace ce babu mai hana ni shiga.

Gida na farko matar tana daka, goyonta ya wuce ranar Penta ta biyu da kusan wata guda. Na ce baiwar Allah ba ki ga saƙonmu ba? Ta ajiye taɓarya ta dube ni ta ce "Malama wane saƙo? Ni ai ba ni da waya, lambar babansu na bayar, shi kuma tun da aka gama girbi ya tafi Legas." Wato tes ɗinmu ya isa lafiya lau, ya sauka a aljihun mutumin da ke tura baro a Legas, kwamfuta kuma ta rubuta mana an tunatar da uwa. Gida na gaba lambar ƙanin miji ce. Na gaba ta mai shagon bakin layi. Wata ta mai cajin waya ce, shi kuwa da na same shi a rumfarsa cewa ya yi yana ganin saƙonnin amma ya ɗauka na kamfani ne yana gogewa. Da muka fito Inna ta kama hannuna ta ce 'yar nan ai da kin tambaye ni tun farko, matan da na karɓi haihuwarsu da yawa lambata ce a takardarku, ta ciro wata 'yar rakani-kashi daga lalitarta an ɗaure murfin da kyauro, saƙonni cike ba a buɗe ko ɗaya ba domin ita boko ba ta karantawa, ajami ta iya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda aka yi haka ta faru. Masu manhajar sun sa gurbin lambar waya ya zama dole, in ba ka cike ba fom ɗin ba zai wuce ba. To malamar da mata suka cika mata benci, yara na kuka, alluran na cikin akwatin ƙanƙara rana na yi, me kuke so ta yi da matar da ta ce ba ta da waya? Ta sa duk lambar da aka faɗa mata, in ba a faɗa ba ta sa tata. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Gurbi ɗaya ne babu a fom ɗin nan, wanda zai tambaya wayar ta waye, kuma rashinsa ne ya cinye mana rabin lokacin gwajin da kuɗin tes ɗin da ba zai dawo ba. An yi ba a yi ba.

Akwai kuma abin da duk Bahaushiya ta sani amma babu shi a lissafin manhaja. Sati 6 kwana 42 ke nan, wato Penta ta farko tana faɗowa daidai kan arba'in. Mai haihuwar fari tana gidan iyayenta wanka, wataƙila a wani ƙauye da ba ya ƙarƙashin asibitin da aka yi mata rajista, wadda ta gama kuma ta shiga yawon arba'in. Waya na wajen miji, jariri na wajen kakarsa. Wasu ma sun yi allurar a can garin iyayensu, mu kuma a wajenmu suna cikin waɗanda suka tsere.

Sauran matsalolin na fasaha ne kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki ya rubuta su ya ajiye. Na ɗaya DND, wannan tsarin da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo a 2016 na tura STOP zuwa 2442 don a daina damun mutum da talla. Idan kamfanin da ke tura muku tes ya bi ta hanyar saƙon talla saboda ta fi arha, duk layin da ke kan DND ba zai samu ba, kuma "an tura" da "ya isa" ba abu ɗaya ba ne a rahotonsu, sai kun nace za a ware muku su. Na biyu haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, an rufe layuka a watan Fabrairun 2024 aka sake sa wa'adi na ƙarshe a Satumba, mutanen ƙauye da yawa ba su tsaya bin layin ofis ba sai kawai suka sayi wani sim ko suka ari na ɗan'uwa, lambar da ke rajistarmu ta mutu. Na uku kuwa dariya ya ba ni daga baya, mun dage sai an rubuta Hausa daidai da ƙ da ɗ da ɓ, ashe da zarar harafi ɗaya mai lanƙwasa ya shiga, tes ɗin da ke ɗaukar haruffa 160 sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku a caje ku kuɗin kowanne, a wasu ƙananan wayoyin kuma haruffan su fito kamar akwatuna. Sai ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoba da layin wuta ya lalace, sama da mako babu lantarki, masu caji suka ƙara kuɗi, mutane suka riƙa kashe waya sai za su kira, asibitin da ba shi da sola tablet ɗinsa ya kwanta aka koma littafi. Duk waɗannan da sauƙi, kuɗi da dabara na gyara su. Maganar wayar waye ce ba ta gyaruwa daga ofis.

Da na kai rahoto sai aka ce min to amma yaran da aka yi wa Penta ta uku sun ƙaru ko ba su ƙaru ba, masu ba da kuɗi shi suke son ji. Nan muka ɗan yi sa-in-sa da oga. Na ce ranka ya daɗe gwajin nan ba don wannan aka yi shi ba, da 'yan asibitocin nan da 'yan watannin nan ko lamba ta hau ba za mu iya rantsewa saƙonmu ne ya hau da ita ba, wataƙila an kawo sabuwar malama ce mai fara'a ko an raba gidan sauro. Abin da gwaji zai iya faɗa mana shi ne ko abin yana yiwuwa: ana yin rajista daidai, saƙo yana kaiwa ga wadda aka yi domin ta, ta fahimta, malaman asibiti za su iya ɗaukar nauyin ba tare da an tsaya a kansu ba. Kuma a mataki na biyu muka faɗi. Shawarata ga duk mai shirin irin wannan, tun kafin a tura tes na farko ku zauna ku rubuta abin da in kun gani za ku ce a ci gaba da abin da in kun gani za ku ce a tsaya a gyara, kowa ya sa hannu, in ba haka ba a ƙarshe kowa zai ɗauko lambar da ta yi masa daɗi ya ce ita ce sakamako.

Gyaran da muka yi a sauran lokacin shi nake alfahari da shi, kuma ba wani abin kuɗi ba ne. Aka cire dolen lambar, aka ƙara tambaya uku: wayar ta waye, a hannun wa take kwana, yaushe mai ita yake gida. Sannan a wajen rajista malama ta yi filashin lambar nan take, in ta yi ƙara a ɗakin to, in ba ta yi ba a tambaya tana ina. Muka koma saƙon murya maimakon rubutu, bayan magariba, da muryar malamar asibitin da suka sani ba muryar wani ɗan rediyo ba, domin mutane yanzu ba sa ɗaga baƙuwar lamba saboda 'yan damfara, sai da muka sa mai unguwa da liman suka sanar da lambar tukuna. Inda wayar ta maigida ce kuwa muka daina yi kamar ba mu sani ba, saƙon ya koma nasa kai tsaye, Malam gobe ranar allurar ɗanka ce a taimaka a ba maman izini da kuɗin mashin. Wallahi wani magidanci da kansa ya ɗauko matarsa a babur ya zo yana tambaya wace ce ta kira shi jiya.

Amma fa wannan riga-kafi ne. Da na ji ana maganar a ɗora awon ciki da tazarar haihuwa a kan tsarin nan sai da gabana ya faɗi, ku yi tunanin saƙon "lokacin allurarki ta tazara ya yi" ya sauka a wayar ƙanin miji ko mai shago, ko a layin da kamfani ya riga ya sake sayar wa wani. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da ta amince da irin wannan saƙo a jagorarta ta 2019 sharaɗi ta sa na sirrin mutane, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 a ƙasar nan. Na ce ni ba da ni ba sai an san wayar waye.

Yanzu an rubuta zagaye na biyu. Kiran murya ya fi tes tsada, ga ƙarin kuɗin kira na kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, don haka kasafin ya kumbura aka ce a rage. Na sa 'yan kuɗin kati da na mota ga ungozomai irin su Inna waɗanda su ne ke kai saƙon gidan da babu waya kwata-kwata, da takardar ta dawo daga Abuja wannan layin na kasafin aka fara sokewa, kuɗin gyaran allon kwamfuta kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Na mayar da shi na sake turawa, ina jira in ga wanda zai kira ni a kai.