Zuwa ga iyayen gidana na Panteka, kan injin faskare

Assalamu alaikum mutanen Kaduna, musamman masu walda na Panteka, ya aiki ya fama da jama'a. Nan Minnesota sanyi ya kunno kai kowa sai tara itace yake, ni ma sati uku kenan ina taya maƙwabcina faskare da inji, to jiya ƙanina ya turo min hoton wanda kuke haɗawa don masu gidan burodi, na ga wata jibgegiyar silinda, wato bututun da matsin mai ke turo sandarsa ta fasa itacen, nace kai, bari dai in yi magana.

Ƙarfin injin nan daga faɗin bakin silinda yake da kuma matsin mai. Mai inci 4 a matsin psi 3000 tana turawa kusan tan 19 na Amurka, mai inci 5 kuwa tan 29, shi yasa kowa ido ke rufewa. Amma fa mai inci 5 ɗin ciki ne da ita. In tsawon tafiyar inci 24 ne, mai inci 4 galan ɗaya da ɗan ɗori take sha ta kai ƙarshe, mai inci 5 sai galan 2, kenan da famfo mai ba da galan 11 a minti, waccan sakan 7 wannan sakan 11, kuma ka tuna itace nawa za a fasa daga safe zuwa la'asar, wallahi mai gatari sai ya tsaya yana maka dariya. In ba kututturen ƙirya mai gaɓa za ku riƙa fasawa ba inci 4 ta wadatar. Ta tifa kuma ku barta can, yawancinsu nauyin bodi ke mayar da su, in ka kwantar da ita wa zai dawo da ita?

Sai maganar tafiya. Nan inci 16 ake yanka itacen murhu, silinda kuma 24, inci 8 kenan tana yawo a banza zuwa da dawowa. Abinda mutanen nan suke yi, zobban ƙarfe masu buɗewa suke maƙalawa a jikin sandar silindar, in tana komawa zoben ya tokare, matsi ya hau, bawul ɗin mai ya saki hannun sarrafa injin da kansa. Mu mun taɓa sa guntun bututu mai kaifin baki saboda rowa, ya cinye robar bakin silindar mai ya dinga tsiyaya, don haka a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya daidaita fuskar zoben sumul.

Ku turo min lambar jikin famfon da dokin injin in lissafa muku. A gaida mutanen Tudun Wada.