Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kangayen Detroit

Makon jiya na tsaya a inda abokina ɗan Agadas ya ce in baro New York tun haya ba ta ƙarasa ni ba, in same shi a Detroit, akwai aiki a gidan mai kuma ɗaki da araha. Na taho cikin sanyin 2010. Tun a hanyarmu ta zuwa gabashin gari bakina ya mutu. Layi guda sai ka ga gida uku ne da mutane, sauran duk kangaye. Wannan rufinsa ya burma, wancan wuta ta ci rabinsa ta bar matakala a tsaye, wani an toshe tagoginsa da katako, wani kuma bishiya ce ta fito ta tsakiyar falonsa. Gidaje ne na jan bulo masu bene, ginin da aka yi da niyyar a bar wa jikoki. Na tambaye shi ko yaƙi aka yi. Ya ce a'a, mutanen ne suka tafi.

Ku da kuka san gidanmu kun san Baffa magini ne, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya tara mu mun yi yaɓe, mun gyara indararo. Yakan ce, "Ɗakin da ba a kwana a cikinsa shi damina take fara ci." Maganar nan ce ta faɗo mini a cikin motar, kuma ba ta rabu da ni ba duk zamana a garin.

Wadda ta warware mini labarin tsohuwa ce baƙar fata da ke gidan da ke kallon namu, Mama muke ce mata. Mahaifinta ya baro Alabama ya zo aikin ƙera motoci, mijinta ma a masana'antar ya tsufa. A 1950 mutum sama da miliyan 1.8 ke garin. Ƙidayar shekarar da na zo ba ta kai dubu 714 ba. Masana'antu sun yi ta komawa bayan gari da wasu jihohi. Ta Packard tun kafin 1960 ta daina ƙera mota, amma na tarar da gangar jikinta a tsaye, sai tsatsa da fasassun gilasai. Fararen fata suka tsallaka titin 8 Mile, iyakar garin, suka yi arewa, bankuna suka ƙi ba unguwannin baƙaƙe bashin gida, aka zo aka ratsa babbar hanya ta kan Black Bottom, unguwar da aka haifi Mama. Sai tarzomar Yulin 1967 da ta ci rai 43, wanda yake shakkar tafiya ma ya ɗaure kayansa. Kowa ya tashi da harajinsa yake tashi. Aka bar wa tsirarun talakawa titi da famfo da fitilun da aka shimfiɗa don kusan mutum miliyan biyu.

Hotunan layinmu na tura gida don Hajiya ta ga inda nake kwana. Ashe na jawo wa kaina magana. Yaya ya tashi a gaban dangi ranar sunan ɗiyar Goggo ya ce wai na samo hotunan wata ƙasa da ake yaƙi ne don kada a tambaye ni kuɗi, Amurka ba za ta taɓa yin haka ba. A lokacin nan kwana nake a tsaye bayan gilashi mai kauri wanda harsashi ba ya hudawa, ina karɓar kuɗin mai ta wata 'yar kafa, kuma kuɗin maganin Hajiya bai taɓa makara ba. Har yau maganar tana ci mini rai. Shi ɗin da ya faɗe ta, bayan rasuwar Baffa ya sa kwaɗo a shigifarsa ya hana kowa kwana, kuma kowa ya san yadda ta ƙare da ruwan Agusta. Ni ban gani da idona ba, ina can, ƙanwata ce ta kira ni tana kuka. Ɗakin da ba a kwana a cikinsa, Yaya.

A Detroit ba damina kaɗai ke cin gida ba. Da iyali sun kwashe, cikin 'yan kwanaki 'yan jari-bola sun shiga, sun zare wayar wuta, sun yanke bututun tagulla, sun ɗauke tukunyar ɗumama gida. Dusar ƙanƙara ta shiga ta rufi ta narke, katako ya ruɓe, sai wani ya zo ya ƙyasta ashana. Daren 30 ga Oktoba shi ne mafi muni, a 1984 gobara sama da 800 aka ƙirga cikin kwana uku. Shi ya sa a lokacin mutanen unguwa suke fitowa sintiri a daren, ni ma na fita tare da jikan Mama, da 'yar fitila mai walƙiya a kan mota, muna zagaya kangaye har asuba. Ina alfahari da daren nan fiye da takardun da na samu a ƙasar.

A Yulin 2013 hukumar gari ta je kotu ta ce ta karye, da bashin kusan dala biliyan 18. Fitilun titi kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa kamawa. A shekarar aka yanke wa tsohon magajin gari Kwame Kilpatrick shekara 28 kan cin hanci. Mama kuwa duk Asabar da bazara tana tura injin yankan ciyawa a filin gidan da aka rushe a gefenta, filin da ba nata ba, tana da shekara sama da saba'in. Don haka idan na ji baƙo ya zo ya ɗauki hoton kango ya koma yana cewa mutanen garin ƙazamai ne ko malalata, raina ɓaci yake. Waɗanda suka zauna su suka riƙe abin da ya rage.

Daga baya da na koma tuƙin babbar mota na ga irin haka a Gary da Baltimore da arewacin St. Louis. Tsakiyar Detroit yanzu ta farfaɗo, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka rufe a 1988 ma kamfanin Ford ya saya ya gyara ya buɗe a 2024. Layinmu dai fitila ta dawo, an rushe kangaye, fili ya yi yawa, Mama ta rasu a gidanta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na sayi gida a gwanjon haraji, da abin da Yaya ya aiko a ce mini da ya ji kuɗin.