Romon Dankali Da Kabeji Na Mutanen Ayalan, Ba Tare Da Alade Ba

Duk wadda ta ce miki "ai kawai ki sa naman talotalo a madadin na alade, duk ɗaya ne" ba ta taɓa ɗora tukunyar nan a wuta ba. Ni an faɗa min, na kuma gani a rubuce wuri-wuri a intanet, na yarda, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Ba kuɗin cefanen ne ke ci min rai ba, duk da cewa nama a nan Dublin, babban birnin ƙasar Ayalan, ba arha ba ne. Baƙi ne a gidan ranar.

Abincin na mutanen Ayalan ne tun kaka da kakanni: naman alade da aka jiƙa da gishiri, kabeji, da dankalin turawa. Wasu su dafa naman dunƙule guda su yanka a faranti, wasu su mayar da shi romo mai kauri da ake sha da cokali lokacin sanyi. Wata dattijuwa da muke maƙwabtaka da ita ce ke yin na romon, ƙamshin albasar ya cika matattakala tun daga ƙasa. Ta san ba ma cin alade, ba ta taɓa miƙo mana ba, amma ta zayyana min yadda take yi. Da na ji sai na ce ai wannan ɗan'uwan faten dankalinmu ne, manja da tumatir kawai ya rasa. Me zai gagara?

Na sayo naman talotalo na halal, irin wanda ake yankawa falle-falle a yi masa kala da siffar na aladen. Maƙwabciyata ta ce a fara zuba naman a busasshiyar tukunya, a bar shi ya fitar da mansa, a soya albasa a cikin man. Na zuba, na tsaya da ludayi a hannu ina jiran mai. Wani ruwa-ruwa fari ya tsatso, ya yi kumfa, ya ƙafe. Naman ya kama gindin tukunya ya fara murɗewa, gefensa ya yi tauri. Ko ɗigon mai babu. Na tsiyaya man girki na ci gaba, ina cewa komai zai daidaita idan ya haɗu da dankali. Bai daidaita ba. Abin da na kai gaban abokin maigida da iyalinsa, mutanen Zariya da suka zo mana yini, ruwan kabeji ne mai ɗumi da gutsattsarin nama masu taurin roba suna yawo a ciki. Matar, Allah ya saka mata da alheri, ta ce "Yaya, ai ya yi daɗi wallahi," tana ta neman yaji da ido. Maigida kuwa bai ce uffan ba sai da suka tafi, sannan ya ce, "Hajiya, gobe a koma tuwo ko?"

Da na ba dattijuwar labari dariya ta yi har da riƙe ƙofa. Ta ce naman da suke sakawa kusan kayan haɗi ne, aikinsa ya ba da kitse, gishiri da hayaƙi. Tsokar ko an tsame ta an yar, romon yana nan da daɗinsa. Talotalo kuwa tsoka ce zalla. Wato masu ba da shawarar nan sun musanya abin da ido ke gani, sun bar abin da harshe ke ji. Ita ce ma ta tuna min cewa danginsu da suka yi hijira zuwa Amurka bayan yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 su ma sun canza naman. A New York sun tarar ƙirjin sa mai gishiri da mahautan Yahudawa ke sayarwa ya fi sauƙin kuɗi, suka rungume shi, har ya zama abincin da ake ci da kabeji a can ranar 17 ga Maris, ranar bikin Waliyyi Patrick. Ƙirjin sa suka zaɓa, mai kitse. Ba wanda ya je neman talotalo.

Sai na koma wajen mahaucinmu na halal, na ce ya ba ni ƙirjin rago, wajen da kitse da tsoka suke hawa-hawa. Ya dube ni ya ce, "'Yar'uwa, wannan ai mutane cewa suke a cire musu kitsen." Na ce ni shi na zo saya. Abin daɗi, yana cikin yankan da suka fi arha a teburinsa. Gram 300 ya ishi tukunyar mutum biyar ko shida. Ƙirjin sa ma yana yi, sai dai ya fi son doguwar dahuwa.

A nan aikin yake, kuma ba ya son gaggawa. A yanka naman ƙanana, a zuba a tukunya mai kauri tun tana da sanyi, sannan a kunna wuta ƙasa-ƙasa. Idan tukunyar ta riga ta yi zafi, waje zai ƙone kitsen bai narke ba. Da farko ba a jin komai, sai farin kitsen ya fara yin garau, gefensa ya yi sheƙi, sai a ji sautin suya siriri yana tashi. Bayan kamar minti goma sha biyar gindin tukunya ya kwanta da mai, naman ya yi ja ya ƙanƙance, wani baƙi-baƙin ƙanzo mai ruwan ƙasa ya manne a ƙasa. Kada a kankare shi a zubar, daɗin romon rabi a nan yake. Idan albasa ta shiga, manya biyu, ruwanta ne zai ɗago shi. Nakan tsame rabin soyayyen naman in ajiye gefe don barbaɗawa a kan kwano, in ba haka ba duk ya yi laushi a ruwa. Idan man ya yi yawa a rage, amma a bar aƙalla cokali uku. Kitsen rago yana daskarewa a baki idan ya huce, don haka romon nan da zafinsa ake sha, kuma nakan haɗa da ɗan man shanu don ya sassauta shi.

Saura hayaƙi. Da a gida nake da ban sha wahala ba, ga banda a kasuwa, ga mai tsire a bakin titi da zai ba ki kitsen da ya sha hayaƙin tukuba. A nan kuwa doka ta hana matafiyi shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, kilishi da banda duk suna ciki, kada wata ta ɗora wa ɗan'uwanta mai zuwa wannan kaya a filin jirgi. Abin da ya cece ni shi ne garin jan tattasai na Sifen wanda ake busarwa da hayaƙin itace, ana samunsa a manyan kantuna. Ƙaramin cokali ɗaya, a zuba bayan albasa ta yi laushi, a juya sau biyu ko uku a bi shi da ruwa nan take. Yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido, kuma idan ya ƙone ɗaci ne har ƙarshen tukunya.

Akwai kuma naman sa na halal da aka riga aka yi wa gishiri da hayaƙi, shi ma falle-falle, yana da kitsensa. Idan an same shi ya fi komai kusa da na asali. Sai dai gishirinsa ba wasa, don haka kada dunƙulen ɗanɗano ko gishiri ya shiga tukunya sai an ɗanɗana a ƙarshe. Zancen nan da ake yi cewa idan gishiri ya yi yawa a jefa ɗanyen dankali ya tsotse, ban ga amfaninsa ba. Dankalin yana shan ruwan ne da gishirinsa gaba ɗaya, abin da ya rage a tukunya yana nan yadda yake. Ƙarin ruwa ne kawai magani.

Dankali kilo ɗaya, ruwa lita ɗaya da rabi. Ina amfani da Rooster, mai jan bawo da rawayan ciki, wanda aka samar a cibiyar binciken noma ta Oak Park da ke Carlow, ya shiga kasuwa a 1991, yanzu shi ne ya mamaye kantunan ƙasar. Yana da gari, yana fashewa, shi ke ba romon kauri ba sai an sa fulawa ba. Nakan yanka rabi ƙanana don su narke, rabi manya don a sami abin taunawa. Mai irin dankalin da ba ya saurin fashewa, kamar Nicola da ake nomawa a Filato, sai ta tsame ludayi biyu idan ya nuna, ta murƙushe ta mayar. Na san hannunmu ba ya iya ganin tukunya babu tumatir, amma a daure. Tsaminsa yana hana dankali laushi, kuma yana danne ɗanɗanon kitsen da aka ɓata lokaci ana narkarwa. Attaruhu ɗaya dai nakan jefa, ban fasa shi ba, in tsame kafin a zuba. Dattijuwar ba ta san da wannan ba.

Kabeji rabin ƙulli, kuma shi ne na ƙarshe. Irin mai ganye kore shar mai tamoji ya fi riƙe jikinsa, amma fari ma yana yi. A cire ƙashin tsakiya, a yanka siri-siri, a zuba bayan dankali ya nuna sarai, minti biyar zuwa bakwai a sauke. Warin nan da ke sa yara toshe hanci daga daɗewa a wuta yake zuwa, yana ƙaruwa ne da kowane minti. Kanwa kuma kada ta kusanci tukunyar, za ta mayar da shi lugub. Masoro a ƙarshe, da yawa, daka na lokacin.

Mutanen Zariyan nan na sake gayyatarsu takanas, ban gaya musu dalili ba. Matar ta ƙara kwano, ta tambayi ko akwai sauran burodi, ba ta ko waiwayi yaji ba. Shi kuwa maigida yanzu shi ke tuna min da ƙirjin rago ranar cefane. Ragowar talotalon da na saya tun wancan karon yana nan a firiza, na rasa yadda zan yi da shi, zubarwa almubazzaranci ne, kuma ba zai sake shiga tukunyar romona ba. Wataƙila in soya wa yara da ƙwai, da mai mai yawa.