Kukis ɗin da muke bari a kwamfutar kafe

Makon jiya na raka ƙanwata kafe za ta fitar da wasu takardun makaranta, muna zama ta buɗe Gmail sai ga akwatin wani bawan Allah a buɗe, saƙonninsa kaf har da na banki, shi kuwa ya daɗe da kama gabansa. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na fitar masa da akawun ɗin na goge komai, amma har muka dawo gida abin na cina a rai, don ba kowa ne zai yi masa hakan ba.

Kukis ne suka bar masa ƙofa a buɗe. Ɗan guntun bayani ne da shafi yake ajiyewa a burauzarka (manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome) don ya gane ka in ka dawo, wani injiniya Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994. Ni kullum da katin mai gadin mashin a kasuwa nake kwatanta shi, ka ajiye mashin an ba ka kati, to duk wanda ya zo da katin nan shi za a miƙa wa mashin ba ruwan mai gadi da fuska. Haka yake, da zarar ka sa fasuwod sau ɗaya kukin ne ke tsaya maka, wanda ya same shi ba ya buƙatar fasuwod ɗinka balle lambar da ake turowa ta waya. Ta wannan hanyar aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta YouTube a watan Maris na 2023, mutanen da harkar kwamfuta ce sana'arsu fa.

Akwai kuma kukis na 'yan talla masu bin ka shafi-shafi, ka duba takalmi yau ka yi sati yana bin ka. Burauzar Safari ta toshe irin su tun 2020, ta Firefox ta killace su a 2022, Google kuwa a 2020 ta yi alƙawarin cire su daga Chrome ta yi ta jan ƙafa, a 2024 ta ce ta fasa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne manhajojin nan na "share waya" da mutanenmu ke lodawa, mai hoton tsintsiya ko roka, wai za su goge kukis waya ta yi sauri. Kuki ɗaya fa bai wuce kilobait 4 ba, ko dubu ka goge ba ka rage wajen bidiyo ɗaya na WhatsApp ba, kuma yawancin manhajojin nan talla suke cika ka da ita suna cin data. Ko manhajar shara ta CCleaner da kowa ya yarda da ita, a 2017 ɓarayin intanet sun cusa mugun abu a sigarta ta 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke daga shafin kamfanin da kansa. Ba na cewa har yau haka take, amma tun lokacin nake taka-tsantsan da duk manhajar da zan ba wa izinin shiga ko'ina a na'urata.

Burauzar kanta ta isa. A kwamfuta danna Ctrl da Shift da Delete tare, wajen gogewa zai fito, a waya kuma yana cikin ɗige-ɗige ukun nan na Chrome. Ni a laftof ɗina Firefox nake amfani da ita, na saita ta tana goge kukis duk sanda na rufe ta, ban da shafuka uku da na ware. In kuma dole sai manhaja ta daban, BleachBit kyauta ce kuma ba talla. A kafe kuwa buɗe Incognito, wato tagar sirri ta Chrome da ba ta barin kukis in an rufe ta, ka gama ka fita daga akawun ka rufe tagar duka kafin ka tashi.

Sai dai a tabbatar an san fasuwod kafin a goge, don duk shafukan za su fitar da mutum. Da daddare na karɓi wayar ƙanwar tawa zan nuna mata, ta riƙe min hannu ta ce "Yaya dakata, ni fa tun da mai shago ya buɗe min Facebook ban san fasuwod ɗin da ya sa ba." Sai da muka fara canza shi, muka sa lambar wayarta a maimakon ta mai shagon, sannan muka goge.