Kyamarar da na saya da kuɗina, ashe ba tawa ba ce

Duk wanda aka ɗaura wa kyamarar tsaro a gida ko a shago, irin wadda ake kallo ta waya, ina roƙonsa ya buɗe manhajar yanzu ya duba da imel ɗin wa, ko da lambar wa, aka buɗe asusun. In ba naka ba ne, to kyamarar ba taka ba ce, ko da kai ka biya kuɗinta har da ladan mai hawa tsani. Ni sai da na kusa shekara ban san haka ba, kuma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na ji ƙirjina ya yi zafi.

Sana'ata sayar da yadi da atamfa a Babbar Kasuwar Sakkwato, sari kuma yakan kai ni Kantin Kwari a Kano in kwana biyu ba na gari. Satar babura ta addabi unguwarmu wajen Mabera, har aka ɗauke na maƙwabcina a cikin zaure tsakanin Magariba da Isha'i. Daidai lokacin ne tallan kyamarori ya cika Facebook da TikTok: mai sola, mai layin waya a cikinta, tana juyawa, tana gani cikin duhu, wai har tana da basirar bambance mutum da dabba. Na sayi uku. Ɗaya shago, ɗaya ƙofar gida, ta ukun na ce a sa ta a tsakar gida tana fuskantar katangar baya, don ta nan ɓarayi suka fi haurowa.

Wani matashi mai gyaran waya aka haɗa ni da shi. Yaro ne mai ladabi, aikinsa tsaf. Da ya gama ɗaurawa ya ce, "Alhaji, kawo wayar in haɗa maka." Na miƙa masa na wuce sallar La'asar. Ina dawowa sai ga ƙofar gidana a tafin hannuna, ga shagona da ya ɗaura wa tasa tun jiya. Na yi murna, har na ƙara masa kuɗin mai. Ban tambaye shi da sunan wa ya yi rajista ba, shi ma bai faɗa ba.

Abubuwan da masu talla suka zuzuta ba sai na tsaya a kansu ba. Basirar nan ƙadangare ma tana kiransa mutum, akuyar maƙwabta ta tashe ni da tsakar dare har sai da na kashe ƙarar gaba ɗaya. Ƙurar hunturu takan rufe gilashin da farantin solar, sai an hau an goge. Zafin Afrilu, da yakan haura digiri 40 a garin nan, ya kumbura batirin ta ƙofar gida. An rubuta 4K a kwali, amma da dare fuskar mutum fari fat take fitowa, ba ido ba hanci. Data kuwa ba a magana. Duk wannan asarar kuɗi ce, ɗan kasuwa ya saba da ita.

Abin da ban saba da shi ba ya zo ne da wayata ta faɗa ruwa ta mutu. Na sayi sabuwa, na sauke manhajar, sai ta nemi imel da kalmar sirri. Ba ni da ko ɗaya. Na kira yaron, ya ce in iske shi rumfarsa. Na tarar da shi da yaran da yake koya wa aiki, wayoyi birjik a kan benci. Maimakon ya karɓi tawa, sai ya ɗauko tasa ya buɗe manhajar. Sai ga jerin kyamarori, yana ta ja da yatsa ba su ƙare ba, kowace da laƙabin da ya sa mata: gidan Alhaji wane, shagon magani, gidan Hajiya wance. Ya kai kan tawa ya taɓa, don ya nuna mini ba ta lalace ba.

Tsakar gidana ce ta fito. Uwargida tana zaune a tabarma, ba mayafi, tana tsefe wa ƙaramar 'yarmu kai. Kuma ba hoto kaɗai ba, muryarta na ji tana yi wa yarinyar faɗa ta daina motsi. Yaran rumfar biyu na tsaye a kafaɗar mai gyaran.

Ya ce, "Ka gani Alhaji, tana aiki lahiya lau."

Na dafe fuskar wayar da hannuna. Na ce, "Kai, tun yaushe kake iya ganin wanga?"

Ya ce, "Ai Alhaji duk wanda na ɗaura ma haka nike yi, don in ta samu matsala in duba daga nan ba sai na zo ba. Wallahi ban kallo."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, kuma ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Amma rantsuwarsa ba ta sanyaya mini rai ba. Wayar nan a kan benci take yini, yaran shago suna ɗauka su yi kira, su kalli ƙwallo. Ana iya fizge ta a hanya, yana iya sayar da ita gobe ya sayi wata. Duk hannun da ta faɗa, tsakar gidana ta faɗa hannunsa.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ya warware mini yadda abin yake. Ya ce, "Kawu, irin waɗannan kyamarori asusun da aka fara haɗa su da shi shi ne ubangidansu." Mai wannan asusu shi ke da ikon kallo, da saurare, da juya kan kyamarar, da sauke abin da ta naɗa, har ya yi magana ta cikinta a ji shi a gidan. Duk wanda aka ƙara daga baya baƙo ne, aron kallo aka ba shi, kuma mai asusun na iya cire shi duk sa'ad da ya ga dama. Wato ni ne baƙo a kyamarar gidana. Kamar kafinta ne ya sa maka ƙofa, ya riƙe makullin na asali, ya yanka maka kwafi. Ya kuma gargaɗe ni cewa a yawancin ire-irensu danna ɗan maɓallin riset ba ya wadatarwa, saitin kawai yake gogewa, kyamarar tana nan ɗaure da tsohon asusun har sai mai shi ya cire ta da hannunsa. Sannan hoton ba kai tsaye daga gidana zuwa wayata yake samun hanya ba. Kyamarar manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta take fara nema a wata ƙasa, su ne ke haɗa ta da wayar. Kamfanin da ni ko sunansa ban iya furtawa da kyau ba.

A nan ne na fara jin haushin labaran fasaha da muke ta turawa juna. Kullum maganar sabuwar waya, 5G, basirar na'ura, sai kuma hoton wani ɗan kutse mai rufe da fuska a ɗaki mai duhu. Wannan hoton ya sa muke zaton haɗarin yana can nesa, sai manyan bankuna da gwamnatoci yake nema. Ni ba wanda ya yi mini kutse. Da hannuna na miƙa waya na tafi masallaci. Kuma abin da ɗan ƙanwar tawa ya nuna mini daga baya ya tabbatar mini ba a Sakkwato aka fara ba. A 2023 hukumar kula da harkar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Ring mai kyamarorin tsaron gida, mallakin Amazon, biyan dala miliyan 5.8, kuma cikin zarge-zargen har da cewa wani ma'aikacinsa ya shafe watanni a 2017 yana kallon bidiyon mata a ɗakunan kwanansu da banɗakunansu. Ma'aikacin cikin gida fa, ba ɓarawon waje ba. A Fabrairun 2024 kamfanin Wyze ya amsa cewa masu amfani da kyamarorinsa kusan 13,000 sun ga hotunan gidajen da ba nasu ba, saboda tangarɗa a na'urorinsa. Tun 2014 ma akwai shafin da ya tattaro kyamarori sama da 70,000 na ƙasashe daban-daban yana nuna su ga kowa, don kawai masu su ba su canja kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Abin ya kai har Birtaniya ta fara aiki da doka a Afrilun 2024 da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari irin su admin ko 12345. In kamfanoni masu suna, a ƙasashen da ake kai su ƙara, haka ta faru da su, ina ga kyamarar da aka sauke a buhu, ba adireshi ba lambar kira a kwalinta? Mai talla bai taɓa faɗa mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mu ma muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma yaron da ya ɗaura mini bai taɓa jin labarinta ba, ni ma sai bayan ɓarna na ji.

Mu mutanen garin nan mun san darajar cikin gida. Zaure ake ginawa don baƙo ya tsaya a nan. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ba ya wuce shi sai ya yi sallama an ce ya shigo. Tun muna makarantar allo muka ji ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan wani ba izini, malamai kuma suna karantar da mu cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Sai ga shi ni maigidan na ɗauko ido da kunne na kafa a tsakar gida, na bar ragamarsu a hannun wanda ba muharrami ba.

Faɗa wa uwargida ya fi komai yi mini nauyi. Tun ranar da aka ɗaura ta ce ba ta son abin nan a kanta. In na yi tafiya takan yafa masa zane, ni kuma daga Kano in ga duhu in kira ina faɗa, ina cewa ta rufe mini tsaron gida. Da na gaya mata abin da na gani sai ta yi shiru, can ta ce, "Alhaji, to maganganunmu fa?" Ban da amsa. Zane yana rufe ido, ba ya toshe kunne. Duk hirar da aka yi a tsakar gidan nan, ta kuɗi, ta rashin lafiya, ta auren babbar 'yarmu da ba mu riga mun sanar da dangi ba, a ƙarƙashin wannan abu aka yi ta.

Ban bar rumfar yaron ba ranar sai da ya cire kyamarorin uku daga asusunsa a gabana, ina kallon jerin har sunana ya ɓace. Da dare ɗan ƙanwata ya zo muka yi musu riset, muka buɗe sabon asusu da imel ɗina, wanda ni kaɗai na san makullinsa. Kalmar sirri doguwa, ba lambar wayata ba, ba shekarar haihuwa ba, kuma ba wadda nake amfani da ita a wani wuri ba. Muka kunna tsarin da in za a shiga daga sabuwar waya sai an turo mini lamba. Muka duba wurin da ake raba kallo muka tabbatar ba kowa. Ta tsakar gida na sauke ta, ba za ta koma ba. Katangar baya na ƙara mata tsawo, na sa waya mai ƙaya da ƙwan sola, kuma barcina ya fi na da. Ta ƙofar gida na kashe mata sauti, domin a nan dattawan layinmu ke zama bayan Isha'i, ba su kuwa ba ni izinin naɗar hirarsu ba. Ta shago tana nan tana kallon ƙofa da wurin ajiye kuɗi, a nan kam tana da amfani, ba zan musa ba.

In za a ɗaura maka, kada ka bar wurin lokacin haɗawa, ko da za ka rasa jam'i ka yi taka daga baya. Kai za ka buɗe asusun a wayarka, kai za ka rubuta kalmar sirrin, mai aikin ya juya baya. In ya ce yana bukatar gani don gyara, ka ba shi aron kallo ranar da matsalar ta taso, ka cire shi in ya gama. In ka sallami yaron shago da ka taɓa ba shi kallo, ka cire shi a ranar. In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai mai ita ya cire ta daga asusunsa a gabanka. Inda iyali ke sakewa kuwa, tsakar gida, falo, ɗakin yara, ni dai ban ga irin tsaron da zai sa in sake kai kyamara can ba, ko ta wane kamfani ce.

Abin da ya rage yana damuna shi ne sauran sunayen da na gani a jerin nan. Na matsa wa yaron ya kira masu su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yi, wasu sun zo an mayar musu da abinsu. Biyu daga ciki na san su, na same su da kaina. Ɗaya bai kwana ba sai da ya gyara. Ɗayan, wanda tasa ke cikin falon matarsa, cewa ya yi, "Haba Alhaji, yaron ai namu ne, mi zai yi?" Na ce masa ba yaron nake tsoro ba, wayar da ke yini a kan benci nake tsoro. Ya ce zai duba in ya samu sarari. Har yanzu bai je ba, ni kuma duk Juma'a in mun haɗu sai na sake tuna masa.