Bargon ƙyallaye: ɗinkin da ake farkewa da wanda ake bari

Bargo mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80, idan an haɗa shi da ƙyallaye masu kusurwa huɗu na inci 4, gida 300 ke nan: 15 a kwance, 20 a tsaye. Wuraren da kusurwa huɗu ke haɗuwa a cikinsa 266 ne. Mai ƙaƙale tana so duk 266 ɗin su zauna daram. Shi ya sa ake tarar da fuskar bargo a naɗe cikin leda tun sanyin bara, rabi a ɗinke rabi a farke, hunturu ya sake shigowa Sakkwato yara na rufa da zani.

Abin da ya fi damuna da wannan waswasi shi ne yakan tafi inda bai kamata ba. Ido na kan kusurwar da ta goce da kaurin zare biyu, alhali ga atamfa mai zuba an saka kusa da farin yadi ba a gwada ta ba. Kuskure a wannan aiki iri biyu ne. Akwai wanda zai buɗe ko ya lalata bargon idan ya sha wanki, wannan dole a gyara shi nan take. Akwai kuma wanda ba mai ganinsa sai wadda ta ɗinka, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan a bar shi.

Mu fara da bakin ɗinki, wato tazarar da ake bari tsakanin zare da bakin ƙyalle, tunda yawancin ɓacin rai daga nan yake fitowa. Ƙa'idar ita ce kwata na inci, wajen milimita 6. Gidan da ake so ya ƙare a inci 4 ana yanka shi 4½. To idan hannunki yana cin ƙarin 1/16 na inci a kowane ɗinki, ƙyalle biyu ne ke asara a lokaci guda, wato 1/8. A layi mai ɗinki 14, an rasa inci 1¾. Ga inda mutane ba su lura ba: in duk layukan haka suka ci, babu abin da ya ɓaci. Bargo ya fito inci 58¼ maimakon 60, kusurwoyi sun haɗu, ba wanda zai zo da tef ya auna. Matsalar tana zuwa ne idan yau an ci da yawa, gobe an ci kaɗan, ko an fara a keke ɗaya an ƙarasa a wani. Saboda haka abin nema shi ne hannu ya tsaya a awo ɗaya daga farko har ƙarshe.

Hanyar gane awonki mai sauƙi ce. Yanka tsiri uku masu faɗin inci 1½, ki haɗa su, ki goge. Na tsakiya ya kamata ya zama inci 1, duka ukun 3½. In bai kai ba, ki rage faɗin bakin ɗinkin ki sake gwadawa. Idan kin samu daidai, ki liƙa farin salatif ko ɗan kwali a kan farantin keken, inda bakin ƙyalle zai riƙa bi. Butterfly ce ta ƙafa ko Singer ta lantarki, dabarar ɗaya ce. Allura lamba 12 ko 14, taku 10 zuwa 12 a kowane inci. Kada a matse takun fiye da haka, don in farkewa ta kama sai kin yaga ƙyallen kafin zaren ya fita.

Yanzu ga waɗanda ba a yi musu uzuri.

Bakin ɗinkin da bai kai 1/8 na inci ba zai zare, ya buɗe bayan wanki biyu ko uku, kuma a lokacin auduga na ciki, gyara ya yi wuya. A sake shi. Zaren da ya yi sako-sako a ƙasa, yana fitar da madaukai, shi ma a sake, amma a fara duba zaren sama: galibi shi ne bai shiga mazauninsa ba, ko an zura shi alhali ƙafar da ke danne ƙyalle na ƙasa. Ƙyalle mai zuba a fitar da shi tun kafin almakashi ya taɓa shi. Ki yanki ɗan guntu, ki jiƙa a ruwan ɗumi da omo, ki ɗora a kan farin ƙyalle ya bushe. In ya bar launi, a yi ta wankewa har ruwan ya fito fes, in ya ƙi a haƙura da shi komai kyansa. Ja da shuɗin rini su aka fi kamawa da wannan hali. Haka nan ragowar yanka da ake samu wurin teloli gab da sallah, buhu guda za ki tarar da atamfa da shadda da yadi mai roba da leshi a gauraye. A ware su. Mai roba yana miƙewa, auduga ba ta miƙewa, in aka haɗa su gida zai kumbura, kuma ba gugar da za ta kwantar da shi. Kada kuma a haɗa wankakke da wanda bai taɓa ruwa ba, don ɗaya zai tsuke ya bar ɗaya.

Sauran fa? Kusurwar da ta goce da abin da bai wuce 1/8 ba, tsinin ƙyalle mai kusurwa uku da ɗinki ya ɗan cinye, layin da ya ɗan yi lanƙwasa, gida ɗaya da furensa ya juya ƙasa. Ki rataye aikin a igiyar shanya, ki ja baya taku uku. Abin da ba ki gani ba daga nan, ba za a gan shi a kan gado ba. In kina da waya ki ɗauki hoto ki duba, hoto yana ƙanƙanta abu yadda baƙon ido zai gan shi. Mai ɗinki tana kallon aikinta daga tazarar tafin hannu, ba wanda zai sake kallonsa haka har ya tsufa.

Akwai kuma iyakar farkewa. Kowace sukar allura rami ce, kuma reza ko abin farke ɗinki yana ja wa bakin ƙyalle zarewa. Sau ɗaya ba laifi, sau biyu an kai maƙura. Na uku, garin gyaran gira za a rasa ido: ƙyallen ya miƙe, ya yi laushi, ɗinkin da za a mayar ya fi na farko muni. In dole ne, a yanki zaren kowane taku na uku ko na huɗu a gefe ɗaya, a juya a zare dogon zaren ɗaya gefen, ba a kama ƙyalle biyu a ɓarka su da ƙarfi ba. In sau biyu bai yi ba, a yanko sabon gida ko a wuce.

Da yawa ma ba su buƙatar farkewa. Layi biyu da suka bambanta da 1/8 na inci ana iya sulhunta su: a sa fil a kowace mahaɗa, a sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keke su janye rarar. Bakin ɗinkin layi na farko a kwantar da shi dama, na biyu hagu, sai su sarƙe da juna a mahaɗa, ki ji da yatsa sun zauna tun kafin allura ta iso. Guga kuma ɗorawa ake a ɗaga, ba a ja, musamman a ƙyallen da aka yanka a karkace, don jan dutsen guga kaɗai yana ƙara masa tsawo. Mai amfani da na gawayi ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani saboda toka. Gefen bargo da ke yin igiyar ruwa kuwa, dalilinsa an auna tsirin gefe daga bakin bargon, wanda ya riga ya miƙe. A auna ta tsakiya, a yanka tsirin a wannan awon, a daidaita tsakiya da tsakiya.

Sokakken ƙyalle mai auduga a ciki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Lifidin da mahaya da dawakan daular Sakkwato suka sa a fagen fama haka aka yi shi, kuma har yau ana ganinsa a hawan sallah. Abin da ake nema gare shi ya riƙe cikinsa, ya tare abin da aka yi shi dominsa. A Amurka ma, matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama sun yi ta haɗa barguna da tsofaffin kayan aiki, layukansu a karkace, gidajensu ba su kai juna ba. A 2002 aka baje su a manyan gidajen nuna fasaha na ƙasar, a 2006 aka buga hotunansu a jikin kan sarki na aika wasiƙa. Ba ina cewa a yi aikin ganganci ba. Karkataccen layi da sakakken ɗinki ba abu ɗaya ba ne.

Wurin da ya cancanci duk tsantsenin da kike da shi shi ne haɗa hawa ukun: shafi, auduga ko faiba, da fuska. Shafi ya fi fuska da inci 4 ta kowane gefe. A shimfiɗa shi a dandaɓe mai tsabta, a miƙar ba tare da an ja shi ya yi tauri ba. Fil mai rufewa ko dogon ɗinkin hannu na wucin gadi a kowane inci 4, misalin faɗin tafin hannu. A fara suka, wato ɗinkin da ke ratsa hawa ukun, daga tsakiya zuwa waje, don rarar ƙyalle ta gudu gefe maimakon ta taru ta ninke. Ɗan ninki ƙarami a shafi a ƙyale shi, babba wanda yatsa ke shiga a kwance shi. In audugar sakakkiya ce, layukan suka kada su wuce inci 2 zuwa 3 tsakaninsu, in ba haka ba wanki zai dunƙule ta gefe guda. In kuma bayan an gama aka ga huda ko tabon da ya ƙi fita, a yanko maho, a kalmashe bakinsa kwata na inci, a ɗora da hannu da zare mai launinsa.

Sai wankin farko. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a matse a hankali ba a murɗe ba, a shanya a inuwa don ranar garin nan tana cin launi. Audugar da ba a taɓa wankewa ba takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wato bargon inci 80 zai iya rasa wajen inci 2½ zuwa 4. Fuskar za ta yi ƙananan tattara tsakanin layukan suka, zaren ya nutse cikin ƙyalle. Ki nemi kusurwar nan da kika so farkewa karo na uku, zai ɗauke ki lokaci kafin ki same ta.