Ɗinkin da ke cikin rigar sarki

Lahadi, tsakiyar hunturu.

Yau ban leƙa shago ba. Akwai kaftani biyu da na yi alkawarin za su fito tun jiya, akwai kuma wandon wani bawan Allah da ya kwana uku a kan keke da ƙafa ɗaya. Amma da na dawo daga masallaci da asuba haƙorana na haɗuwa, sai na ce yau dai allura ta huta. Na kinkimo kaftani ɗaya daga cikin jaka na rataye a ƙusa don kada zuciyata ta zarge ni da yawa, na ja bargo.

Wajen ƙarfe tara Auta ya turo ƙofa da kofin koko da ƙosai a leda. Ba ya kawo min karin kumallo a banza.

"Yaya, ka ce yau za mu kalli na biyun."

Makon jiya muka kalli kashi na farko na fim ɗin The Lord of the Rings, tun daga ranar yaron nan yake yawo da zanen gado a kafaɗa, ya maƙale shi da fil ɗin Inna a wuya. Ni kuwa wannan ne karo na nawa ban sani ba. Ina aji biyu na sakandare na fara ganinsa a faifan da ke tsalle, a lokacin yaƙin kawai nake jira, duk inda aka tsaya surutu sai in matsa gaba. Sai da na shekara wajen goma ina riƙe da almakashi sannan na gane ashe rabin labarin a jikin tufafin yake.

Muka jona kwamfutar a talabijin ɗin falo. Doguwar sigar muka saka, wadda ta kusa awa huɗu, domin ni a wurina gajeruwar kamar riga ce da ba a sa mata aljihu ba.

Ba mu yi nisa ba na fara halina na tsayar da hoto. Auta ya tsani wannan ɗabi'a. Na ce masa ya dubi hannun Aragorn, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, da kyau. Waɗancan fatun da ya ɗaura daga wuyan hannu zuwa gwiwa, masu zanen farar bishiya, ba nasa ba ne, na abokin tafiyarsa Boromir ne da ya mutu a ƙarshen na farko. Ya ɗauka ya ɗaura, babu wanda ya ce uffan a kai, haka zai yi ta yawo da su. Auta ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya ce, "Kai! Wallahi su ne." Daga nan ya rage mita.

Abin da ya fi kama ni a kayan Aragorn shi ne tsufansu. Rigar fatar ta koɗe a kafaɗa inda igiyar kwari ke gogawa, gefenta ya ci ƙasa, ga faci nan da can, kuma facin ba na gwani ba ne, irin wanda matafiyi ke yi wa kansa a gindin bishiya ne. Viggo Mortensen, wanda ya fito a matsayin, da kansa yake tafiya da kayan, ya sa su, in sun yage ya ɗinke. Duk telan da ya taɓa karɓar gyara ya san yagewar gaskiya daban take da wadda aka yi da reza. Ta gaskiya tana bin inda jiki ke lanƙwasa.

Nan ne nake samun matsala da yawancin finafinan sarakunan da, na ko'ina kuwa. Za ka ga jarumi ya yi wata uku a daji, an kore shi daga gari, amma rigarsa da karin guga kamar yanzu aka karɓo ta daga wajen mai wanki. Da na ga haka sai labarin ya fice min daga rai, in koma lissafin nawa aka sayi yadin.

Muna daidai inda aka shiga fadar Rohan, ƙasar mahaya dawakai, sai ga sallamar Kawu. Ya zo gaida Inna ne, ita kuma ta tafi barka maƙota. Ya ce ba zai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da carbinsa yana kallonmu irin kallon da ake yi wa marasa aikin yi, har aka nuno dawakai. Kawu ya yi ƙuruciyarsa a bargar wani hakimi, ya ja zage, ya yi hawan Daushe ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har yau in ya ji haniniya sai ya waiga. Ban ga lokacin da ya zare takalmi ba. Sai ganinsa na yi a kan kujera yana cewa Auta ya ƙara murya.

Turanci ba ya shiga kunnensa, don haka na zama tafinta. Amma da aka nuno sarki Théoden a dunƙule a kan karaga, cikin wata tsohuwar rigar gashi da ta yi kamar ta yi funfuna, ga wani baƙin mutum mai baƙaƙen kaya yana raɗa masa magana a kunne, Kawu bai jira fassara ba. Ya ce, "An gama da wannan. Sammu ne. Kuma ga wanda ya yi nan a gefensa." Kaya kawai ya karanta.

Wurin da nake jira tun safe shi ne inda ake shirya sarkin kafin yaƙin ganuwa. Yana tsaye, haske na shigowa ta bayansa, baransa yana ɗaura masa kayan yaƙi ɗaya bayan ɗaya, yana jan maɗauri. Fata ce ja mai duhu a kan ƙarfe, an bi ta da zanen dawakai da wani saƙaƙƙen ado mai shiga cikin juna kamar dagi. Na tsayar. Na gaya musu abin da ya sa nake son rigar nan fiye da duk wata riga a finafinan uku: har cikinta an yi wa ado. Ɓangaren da ke manne da ƙirji, wanda kyamara ba za ta taɓa gani ba, masu aikin sun zauna sun ƙawata shi. Mutum ɗaya ne zai gani, wato Bernard Hill da ya fito a matsayin sarkin, lokacin da ake saka masa. Shi ne dai kyaftin ɗin jirgin Titanic, ga waɗanda suka fi saninsa a can. Ya rasu a watan Mayun 2024, kuma ranar da na ji labarin rigar nan ce ta fara faɗo min.

Kawu ya gyaɗa kai kamar ba wani sabon abu na faɗa ba. Ya ce ai babbar rigar kirki daga shafinta ake gane ta. A zamaninsu in an kawo wa mai gidansu riga, kafin ya dubi aska takwas ɗin da ke gaba sai ya juya bakinta ya ga cikin. Wanda ya yi algus a can, ya yi a ko'ina. Yana maganar yana kallona, ni kuma na maida idona kan talabijin.

Sai na yi kuskuren da ya kusa ɓata zaman. Ana nuna mayaƙa suna zura sulke, Kawu yana ta yabawa, yana ba Auta labarin nauyin sulke na gaske, yadda yake zama a kafaɗa kamar an ɗora maka yaro, da yadda 'yan lifidi ke jiƙewa sharkaf da gumi a cikin audugar nan ko da sanyi ake. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na ce ai yawancin wanda yake gani ɗin nan roba ce. Bututun roba irin na famfo aka yayyanka ƙawanya-ƙawanya, aka sarƙafa da hannu, aka yi masa launin ƙarfe.

Ya juyo gaba ɗaya. "Roba?"

Na ce roba, Kawu. A wata ma'aikata mai suna Weta da ke Welinton a ƙasar Niyu Zilan aka yi. Ƙawanya wajen miliyan 12 da rabi, kuma mutum biyun da suka fi daɗewa a kan aikin sai da zanen yatsunsu ya shafe.

Ya yi shiru yana jan carbi. Na ɗauka ya yi fushi an yaudare shi. Can sai ya ce, "To ai wannan ba ƙarya ba ce. Wahalar dai an sha ta." Da na ga ya sauko sai na ƙara masa da cewa da yawa daga mahayan Rohan ɗin nan mata ne aka manna wa gemu, saboda da aka nemi masu doki da suka iya hawa, mata suka fi fitowa. Wannan kam bai yarda ba. Ya sa na mayar baya sau uku yana leƙen fuskoki, daga ƙarshe ya ce ko ma su wane ne, zamansu a sirdi daidai yake, ba sa rataya a linzami.

Ana tsakiyar yaƙin, ruwa na zuba, an kafa tsani a jikin ganuwa, aka ɗauke wuta. Auta ya yi wata ƙara kamar an taka shi. Muka ƙarasa a ƙaramin allon kwamfutar, kawuna uku a haɗe, batir na ta ja baya. Ya kai mu har inda dattijo Gandalf ya ɓullo a kan tudu da farin doki da fararen kaya, rana na fitowa a bayansa, sannan batir ɗin ya mutu. Saura kusan minti ashirin. Kawu ya ce ba komai, ya ga abin da ya zo gani, alhali gaisuwa ya zo.

Wani abu da har yau yake min ciwo: wannan kashi na biyu, da ya fito a 2002, ko cikin jerin masu takarar kyautar Oska ta tufafi bai shiga ba. Na farko ya shiga bai ci ba. Sai a 2004 na ukun ya kwashe guda 11, a ciki har da ta tufafi, wadda aka ba Ngila Dickson da Richard Taylor. Na ji daɗi an ba su, amma ni a ganina kayan Rohan suka fi cancanta, kuma a na biyu aka fara ganinsu. Ita Ngila da telolinta kusan 40 sun fitar da kaya wajen 19,000. Kuma kowace rigar babban jarumi ba guda ɗaya ba ce: akwai ta shi, akwai ta mai yi masa faɗuwa da tsalle, akwai ƙarama ko babba ta wanda ake sakawa don a nuna bambancin tsawo, kuma dole dattin kowacce ya zauna a wuri ɗaya. Ni da anko na mutum goma sha biyu ke hana ni barci.

Bayan la'asar, da yake babu wuta babu abin yi, sai shaiɗan ya raya min in gwada. Akwai guntun siririn bututu da mai gyaran famfo ya bari a bayan randa tun bara. Na ɗauko shi da ƙaramin zarto, muka zauna a tsakar gida. Ina yankawa, Auta na goge bakin da takarda mai ƙaiƙayi, sannan in tsaga kowace ƙawanya gefe ɗaya in zura. Kowacce sai ta riƙe huɗu, in ka kuskure ɗaya sai duk layin ya karkace. Na farko-farko sun fito wata mai kauri wata siririya. Babban yatsana ya yi ja, wata ta tsalle ta faɗa cikin kwatami. A awa guda mun haɗa sittin, abin da bai rufe tafin hannun Auta ba. Ya ɗauko waya ya buga lissafi: in muka riƙe wannan saurin, awa goma kullum babu Juma'a babu Sallah, sai mun shekara 57.

Inna ta dawo ta same mu cikin farin gari kamar masu niƙa. Ta dubi abin da ke hannuna, ta dubi ni.

"Wannan kuma na wane mai ɗinkin ne?"

Auta ya ce sulke ne. Ta ce Allah ya shirya, ta wuce, tana tambayar inda fil ɗinta ya shiga.

Shi kuwa yanzu ya sauya buƙata. Alkyabba yake so irin ta matafiyan fim ɗin, mai ruwan toka, mai hula a haɗe, da ganye a maƙogwaro. Na gaya masa asalin yadin daga gashin wasu tumaki masu ruwan toka na can Niyu Zilan aka saƙa shi, ba rini ba ne, shi ya sa launin ke sauyawa in haske ya sauya. Ya ce shi ko na bargo ne yana so. Na riga na fara yanka ta a kaina: rabin da'ira, yadi uku zai isa tunda bai da tsawo, hular kuma a yi mata tsini ta baya. Ganyen ne ban san yadda zan yi ba tukuna, ƙila in kai wa masu aikin fata.

Bayan isha'i mai kaftani ya kira. Na ce masa saura guga, maganar da kowane tela ya gada. Da na ajiye wayar na sauko da shi daga ƙusa, na haska da fitilar waya, na juya cikinsa. Gaban lafiya lau, wuyan ya zauna, aikin ya fita. Cikin kuwa ga zare na reto a hammata, kalmasar ƙasa ta tattare wuri biyu inda na yi sauri ranar Alhamis, bakin aljihun ma ban bi shi ba. Mai shi ba zai taɓa dubawa ba, na san shi, madubi kawai yake tambaya.

Na ba Auta wayar ya riƙe min, na nemo reza na fara farke kalmasar. Ya yi hamma ya ce, "Yaya, na ukun awa nawa ne?" Na ce ya fi huɗu. Ya ce to a gaya wa Kawu ya zo da wuri, kuma a cika batir tun dare.

Har yanzu ba a kawo wuta ba. Babban yatsana na zafi in na danna waya. Gobe in na kai kaftanin zan biya Kwari in duba yadi mai ruwan toka.